Hannun da Na Rataye a Shinkafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in na ƙara kwana biyu ban turo ba za ta hau mota ta zo Ƙaura da kanta. Ku yi haƙuri. Ba aiki ne ya riƙe ni ba. Wannan kashin ne ba na son rubutawa, don a cikinsa babu wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Muhsina. Abin da nake ba ku ya faru a 2004, ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da aji uku a wata firamare a Ƙauran Namoda. In an tashi makaranta, zane nake yi. Na fara da gawayi a bayan kwalin sabulu, daga baya na samu fenti da burushi.

Lokacin Shari'a ta shekara huɗu a jiharmu, kowa yana taka-tsantsan. Da na ce ina so in baje zanena mutane su gani, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sunansa Malami, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya yin abu sai ya ga hanya a share. Ya sa na ɗauki kwalayena muka je wurin Malam Sodangi, limamin unguwarmu. Malam ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu fuskokin ɗalibaina ya ware gefe, ya ce in aje su gida. Da ya zo kan wani da na zana hannun Hajiya, mahaifiyata, tana tankaɗe, sai ya daɗe yana kallo.

"Hannu ba mutum ba ne cikakke," ya ce. "In za ki tsaya ga hannu, ni ban ga laihi ba."

Daga ranar na zama mai zanen hannuwa: hannun mai ƙuli-ƙuli, hannun maɗinki, hannun tsohuwa da carbi. Baba ya ba ni izinin nuni uku, Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, kafin aurena da Kamaluddeen bayan Babbar Salla. Sharaɗi ɗaya ya sa: ranar da wani ya tsaya ƙofar gidanmu da ƙorafi kan zanena, ranar zan aje burushi. Hajiya kuwa ba ta taɓa so ba. Kullum sai ta ce sa'o'ina suna ɗinkin zanin gado, ni ina yanka kwali.

Na ɗauka in babu fuska ba wanda za a gane. Kuskurena na farko ke nan, kuma ni da aka haifa a nan bai kamata in yi shi ba. Mace ta fito cikin hijabi har ƙasa, me kake gani in ba hannu ba? Da lallenta ake saninta, da zobenta, da yadda take miƙa kwano.

To, bari in kai ku Dauran, hutun damina, wata biyu kafin nunin farko.

Rahina ɗiyar Gwaggo Balaraba ce, ƙanwar Baba. Taubashiyata ce ke nan, kuma tun muna yara ba ta taɓa kirana da sunana ba. Mai Alli take ce mini. Ni kuma in ce mata baiwata. Ba ta yi boko ba, amma a duk ƙasar Zurmi ban ga mai ɗinkin faifai irinta ba. Tana da alamarta: tauraro ƙarami a tsakiya, a baki kuma baƙar kaba uku, ja ɗaya, har a zagayo. Dillalai na kai su kasuwar Shinkafi, mata na tambaya da suna, a ba su faifan Rahina.

Na same ta a ɗakinta da hantsi, zaune kan tabarma, da ɗaurin ƙirji da kallabi shuɗi, rinanniyar kaba a kwano gefenta. Haske na shigowa ta ƙaramar taga yana sauka daidai kan hannunta.

"Mai Alli, mi kinka zo yi? Abinci ya ƙare birni?"

"Na zo duba baiwata in ga ko tana aiki."

"Ga tsintsiya can, hwara da tsakar gida."

Na zauna na fitar da takarda. Ta ga ina kallon hannunta, sai ta ja shi ta tura ƙarƙashin faifan.

"Ban da ni."

"Hannu kawai, Rahina. Ba fuska."

"Ina da ƙyasbi nan. Ba ni son dangin Jabir su ji ana maganata."

Jabir shi ne wanda zai aure ta, ɗan Badarawa, mai sayen hatsi a kasuwanni. Shi ya ba ta zoben azurfa murɗaɗɗe da ke hannunta na hagu. Na yi ta roƙo, na yi ta tsokana, na ce ƙyasbi ai kowa na yi. A ƙarshe ta fito da hannun.

"Amana, Mai Alli. Shi tsaya cikin littahinki. Kowa kada shi gani, ko Hajiya."

"Amana," na ce.

Kwana uku na yi a kansa. Ina gaya wa ɗalibaina kullum, ka zana abin da idonka ya gani, ba abin da kake tsammani ba. Haka na yi. Na zana tabon da ke bayan hannun, mai haske, ja-ja a gefe. Na zana ƙaramin yatsa da ya ɗan tanƙwashe. Na zana wani ɗan tabon ƙuna a gefensa. Na sa zoben, na sa tauraron, na sa baƙi uku ja ɗaya. Da na koma gida na mayar da shi babba da fenti. Ban taɓa yin zane mai kyaunsa ba, kuma har yau ban sake ba.

A nunin Ƙaura na riƙe amana, yana ƙasan akwatina. Mutane sun zo, sun yaba, Baba ma ya leƙo ya tafi bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne.

Da za mu tafi Shinkafi, na sa shi cikin kayan. Na ce wa kaina don kada yaran gida su taɓa shi. Ku da ni mun san ba haka ba ne.

A hanya ruwa ya tare mu wajen Katuru. Kayan suna saman mota, ledar da aka rufa ta yage, zane biyu suka jiƙe har fenti ya zuba. An ba ni ɗakin taro na wata makarantar mata, kwana biyu: Laraba ta mata, Alhamis ta maza. Ni da yayata Hannatu, wadda ke aure a Shinkafi kuma gidanta na sauka, muka rataye ashirin da suka tsira. Bangon da ke kallon ƙofa ya rage fili, ƙusa biyu tsirara. Na tsaya ina kallon ƙusoshin. Na ce Shinkafi ba Dauran ba ce. Na ce ba zan rubuta suna ba. Na buɗe jaka.

Hannatu tana shimfiɗa tabarmi ta ɗago kai.

"A'a, ga Rahina."

"Yaya, ta ina kika gane?"

"Ta ina? Ga zobenta, ga faifanta. Irinsa biyu gare ni a madafa. Ta san kin kawo ta?"

"Ta sani," na ce.

Ku lura, 'yan'uwa. Ba a yi minti ɗaya da rataye shi ba aka kira sunanta. Allah ya nuna mini tun da safe. Na gyara hijabina ruwan toka, na je na buɗe ƙofa.

Mata sun cika ɗakin. Malaman makaranta, ɗalibai aji-aji, matan aure da suka zo cikin motar mata da goyo. Duk wadda ta shigo, nan take fara tsayawa. Wata tsohuwa ta miƙa hannu za ta taɓa kabar, ta ɗauka ta gaske ce, aka yi dariya. Ni ina gefe ina jin wani daɗi da ban taɓa ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, na manta da Rahina. Hannun ya zama nawa.

Bayan azahar wata mata ta zo daga Gusau, da leshi ruwan goro da tabarau, ma'aikaciyar wani ofishi mai shirya nunin sana'o'in mata. Ta zagaya ɗakin, ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Malama, sauran suna da kyau. Wannan daban ne. Gobe shugabanmu zai shigo Shinkafi, zan ce ya biyo ya gan shi. In ya yi masa, za mu kai ki Gusau. Kada ki taɓa shi daga nan."

Gusau. Ni da ban taɓa tunanin wuce Zurmi ba.

Bayan la'asar, mata sun watse, Kamaluddeen ya yi sallama. Ma'aikacin lafiya ne a Shinkafi, sashen da ke bin ƙauyuka kan tarin fuka da cututtukan fata. Shi zai tsare mini ɗakin ranar maza, tunda ni ba zan zauna ba. Ya zo da farar shadda da hula baƙa, da ledar lemo a hannu. Ya gaida Hannatu, ta amsa ta koma can ƙarshen ɗaki tana naɗe tabarmi, yadda za ta gan mu ba ta ji mu ba.

"Malama, na ji an ce kin kwashe matan garin nan, yau ba a yi tuwon rana ba."

"Gobe sai mu ga ko mazan za su bar kasuwa."

Yana murmushi yana bin bango, hannu a baya. Da ya iso gaban hannun Rahina, murmushin ya tafi. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya sake matsawa.

"Hannun wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Daga kaina na fitar."

Ya juyo ya dube ni. Kamal ba ya ɗaga murya, shi ya sa kallonsa ke da nauyi.

"Malama, ba a fitar da wannan daga kai. Zo ki gani." Ya nuna da bayan biro, bai taɓa fentin ba. "Tabo mai haske, gefensa ja. Ƙaramin yatsa ya fara lanƙwasa. Ga ƙuna a gefen da jijiyar ke bi, irin ƙunar wanda wuta ta taɓa bai ji ba. Katin da muke nuna wa masu unguwanni bai kai wannan fitowa ba."

"Ƙyasbi ne," na ce, muryata ta yi ƙasa.

"Kin ce ba na kowa ba ne."

Na kawar da kai daga zanen.

"Ba zan rantse ba sai na gwada da auduga, in ga ko tabon na jin taɓi. Amma shekara shida ina wannan aiki. Ina jin farkon kuturta ne."

Na zauna kan benci. A garinmu ba a cika faɗin wannan suna ba, babbar cuta ake cewa, a yi ƙasa da murya. Na tuna yadda ta tura hannun ƙarƙashin faifai. Na tuna ƙunar, da yadda na zauna ina haɗa ja da ruwan ƙasa don in samo kalarta daidai, ban taɓa tambayarta yaya aka yi ta ƙone ba.

"Ki saurare ni," ya ce. "Tana warkewa. Magani kyauta ne, ƙwaya ce, wata shida ko shekara. Ana fara sha ba ta ɗaukar kowa. In an fara yanzu, hannun nan zai tsaya yadda yake. In aka bar shi ya ga wata damina, yatsan nan ba zai ƙara riƙe basilla ba. Ba zan tambaye ki suna sau biyu ba. Amma duk wadda ce, ki je mata."

Ya sake duban bangon.

"Kuma gobe kasuwa. Akwai masu ido irin nawa, ba su da bakin da aka koya wa shiru. In sauke shi?"

Ga wurin da nake ta gogewa ina sake rubutawa. Ina so in ce muku na tashi na fizge shi daga ƙusa. Wallahi da na so in rubuta haka. Abin da ya zo mini shi ne matar Gusau da tabaraunta.

"Bar shi zuwa gobe," na ce. "Kwana ɗaya ne."

Ya aje ledar lemo kan benci, ya karɓi mabuɗi wurin Hannatu, ya yi mana sai da safe.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara. Ƙaramar waya ce mai tocila, Kamal ne ya kawo mini ita cikin kayan gaisuwa. Saƙonsa ne ya shigo.

"Malama, ban yi fushi ba. Amma kowane wata da ya wuce, jijiya ce ke mutuwa. Allah ya ba ki ikon faɗa."

Na rubuta amsa na goge. Hannatu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci loma biyu na ce kaina ke ciwo. Da asuba na tura masa: "Zan je Dauran."

Ya amso nan take: "Na gane. Allah ya kiyaye hanya. Zanen fa?"

Na karanta. Na jefa wayar cikin jaka. Na ce in na isa tasha zan amsa. A tasha na ce in mota ta tashi. Da mota ta tashi sabis ya ɗauke, sai na ji wani sauƙi wanda har yau ina jin kunyarsa.

Motar mata ta daɗe ba ta cika ba. Na sauka Ƙaura, ban biya gida ba don kada Hajiya ta gan ni, na hau ta Zurmi. Ana kiran azahar na shiga Dauran.

Gwaggo Balaraba tana tsakar gida tana goge sababbin kwanuka da tsumma, an jera su kan tabarma suna ƙyalli. Saura mako uku biki.

"Lale da ɗiyar Malami. Ke da munka ji kina Shinkahi kina nuna hotuna?"

"Na zo ganin amarya, Gwaggo."

"Tana madahi. Ki yi mata hwaɗa, ta ƙi cin abinci kwanan ga."

Na same ta tsugune gaban murhu. Ta yi lalle, amma ba irin na kullum ba, ta shafe bayan hannun duka har wuyan hannu, ya yi baƙi ƙirin.

"Mai Alli. An koro ki?"

Ina tsaye ta kai hannun hagu ta ɗauke murfin tukunya, na ƙarfe, yana tururi. Ta riƙe shi da gefen hannu tana juya miya da dama. Na ƙirga a zuciyata har biyar.

"Rahina, aje murfin nan."

Ta dubi hannun, ta dube ni, ta aje a hankali.

"Mu je ɗaki," na ce.

Ɗakin yana nan yadda na bar shi, tabarma, kwanon kaba, taga. Na zauna inda na zauna na zana ta. Na yi niyyar in fara da maganar magani, in bar laifina ƙarshe. Amma ni malama ce, na san in yaro ya fara da ƙarshen labari, akwai abin da yake ɓoyewa. Sai na faro daga fari. Na gaya mata na mayar da zanen babba. Na gaya mata ruwan Katuru da ƙusa biyu. Na gaya mata Hannatu ta gane. Na gaya mata abin da Kamal ya gani, da sunan da ya kira.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wata kaba tana murzawa.

"Mata nawa sunka gani?"

"Da yawa."

"Ɗari?"

"Za su fi."

Ta gyaɗa kai.

"Kin ɗauka ban sani ba? Tun bara. Ina ɗinki nig ga jini bisa kaba, ina neman inda yah hito, ashe basilla ce ta shige ni ban ji ba." Ta dube ni. "Kin tuna Na'Allah?"

Na tuna. Ƙanen kakanta ne na wajen uba. Muna yara yana zaune a wata bukka bayan gari, da kwanonsa daban da butarsa daban. In an aike mu da tuwo sai mu aje daga nesa mu ruga.

"Ni ka kai mishi hura," ta ce. "Na san yadda hannu ka hwarawa."

"Zamaninsa ba magani, Rahina. Yanzu akwai. Malam Kamal ya ce ƙwaya ce, kyauta, wata shida ko shekara."

"Yatsan shina miƙewa?"

"Ya ce ba zai ƙaru ba. Za ki ci gaba da ɗinki."

Ta buɗe hannun ta rufe, tana kallonsa kamar na wata.

"Don me ba ki gaya mini ba?" na ce. Ina faɗa na ji rashin kunyar tambayar.

"Ga shi na ba ki rabi, kin kai kasuwa."

Na sunkuyar da kai.

"Ba ɓoye ma Jabir za ni yi ba har abada," ta ce. "Sau ukku shina zuwa zance ina shirya bakina. In ya zauna shina ba ni labarin tsadar gero shina dariya, sai in kasa. Nic ce Juma'ar ga in ya zo zan hwaɗa mishi, kahin a ɗaura. Ni da shi cikin zaure. In nuna mishi da kaina, shi ji daga bakina. In ya tahi, ya tahi, amma ni nib ba shi zaɓi. Shi kaɗai nir rage ma kaina cikin abin ga."

Gobe Juma'a. Kwana ɗaya ya rage mata.

"Ki ce ma malaminki shi zo," ta ce. "Shi zo da audugarshi. Amma awa mai gaida Gwaggo, ba da jakar asibiti a hannu ba."

"Zai zo. Na gode, Rahina. Ki yafe mini."

"Wannan sai a hankali." Ta aje kabar. "Da kinka sauke shi, ina kinka aje? Ki kawo min in sa wuta."

Na tsura wa kwanon kaba ido.

Ta ɗago kai. Na ga sanda ta gane, a idonta na gani.

"Yau wace rana?"

"Alhamis."

"Ranar maza, kinka ce."

"E."

"Jabir bai taɓa rasa kasuwar Shinkahi ba, ko da zazzaɓi." Ta yi maganar a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. "Kin ji sunan ciwon jiya. Kin kwana. Kin hau mota biyu. Kuma shina bango."

"Wata mata ce daga Gusau ta ce..."

"Muhsina."

Shekara ashirin da uku ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Tashi ki kira shi."

A Dauran lokacin ba a samun sabis sai an hau sama. Na fita da gudu, na wuce Gwaggo da kwanukanta, na taka tsanin da ke jingine da rumbu, hijabi na harɗe mini ƙafa. Na ɗaga wayar sama. Sanda ɗaya ta fito. Kafin in danna komai ta yi ƙara sau uku a jere.

Na farko, ƙarfe goma da rabi: "Ɗaki ya cika. Mutumin Gusau bai zo ba. Ki ba ni izini in sauke."

Na biyu, sha biyu saura: "Wani wanzami ya tsaya gabansa ya faɗi sunan ciwon a gaban mutane. Na ce zane ne kawai. Na tashi in sauke, na makara."

Na uku, sha biyu da kwata: "Wani saurayi ya riga ni. Ya ce shi ya ba da zoben. Bai yi faɗa ba, ya cire ya naɗe ya fita da shi. Ya hau babur. Na rufe ɗakin, ina bayansa."

Na dubi agogon wayar. Biyu da rabi ta wuce.

Daga saman tsani ana hango hanyar da ta shigo gari tsakanin gonakin gero. Ban ma buƙaci dubawa ba. Ƙarar babur ta riga ta iso bakin lungu, ta rage, ta mutu a ƙofar gida. Aka yi sallama a zaure, muryar namiji, sau ɗaya.

Gwaggo ta aje tsumma tana murmushi. "Yau Alhamis ko? Mi yak kawo angon namu?"

Na sauko. Rahina ta riga ta fito ƙofar ɗaki. Ta ɗaura zaninta na atamfa kore, ta yafa farin mayafi. Na miƙa mata wayar, ta girgiza kai, ba ta karatun boko, kuma fuskata ta gama gaya mata.

Kullum in za ta fita zance tana naɗe hannun hagu cikin mayafi. Na ga ta fara naɗewa, ta tsaya. Ta warware. Ta ja mayafin baya har gwiwar hannu, zoben na ƙyalli kan baƙin lalle.

"Bari in raka ki," na ce. "Ni na yi laifin, ni zan yi masa bayani."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, kuma ba wasa.

"Ke zauna nan. Kin riga kin hwaɗi naki."

Ta ratsa tsakanin kwanukan aurenta, hannun a waje, ta shiga zaure.